Gungun Lete: Na Masu Ruwa, Na Masu Shanu, Ko Na Masu Takarda?

Fataken goro da suka riƙa tashi daga Katsina da Kano suna nufar Gwanja, in sun ratsa Zamfara da Kabi suka gangara kudu maso yamma, akwai inda dole jaki ya tsaya a sauke masa mangala. Kwara ce ta tare hanya. Wani ayarin yakan ƙetare ta Yawuri, wani ta Illo, wani ta Gaya, kuma ko ta ina aka bi sai madugu ya zauna ya yi cinikin fito da masu jirgi, don duk yawan kanwarsa da turkuɗinsa ba shi da ta cewa a bakin ruwa. In an haye sai ƙasar Bargu, sai Zugu, sai Salaga.

A wannan yanki na kogin, sama da Gaya, daura da garin Karimama, ruwan ya rabu gida biyu ya kewaye wata ƙasa mai tsawon kilomita 16, faɗinta kamar 4 a inda ta fi buɗewa, sannan ya koma ya haɗe. Ita ce Lete. Girmanta wajen murabba'in kilomita 40 ne, kuma a shekarar 2000 hukumomin Nijar sun ce mutanen da ke zaune a kanta ba su wuce kamar 2,000 ba. Babu ganuwa, babu fadar sarki, babu babbar kasuwa. Amma saboda ita aka kashe mutane da dare, aka kori dubban ma'aikata da iyalansu daga Yamai, aka rufe hanyar teku ga ƙasa guda, aka girke soja a gaɓa biyu, daga ƙarshe alƙalai biyar suka zauna a birnin Heg na ƙasar Holan suna duba takardun lanho, wato haraji, na Fulanin da ke kiwo a can.

Wanda bai san halin Kwara a wannan wuri ba, ba zai gane abin da ake so a Lete ba. Kogin yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta damina ce, a Agusta da Satumba, ruwa ja mai laka da koramu suke zubo masa. Ta biyu ita ce abin mamaki ga mutumin tudu. Ruwan da aka yi a duwatsun Gini tun damina sai ya shiga fadamun Masina a ƙasar Mali ya bazu, ya yi wata da watanni yana jan jiki, ba zai iso wannan yanki na Dandi ba sai tsakiyar hunturu, wajen Janairu da Fabrairu, lokacin da ko'ina ya bushe ƙarau. Sai ka ga iska tana ta fasa leɓe, ƙura ta rufe rana, kogi kuwa yana tumbatsa. In wannan ruwan ya janye da bazara, sai ya bar ciyawar burgu kore shar a gefen gungu, a daidai watannin da saniyar tudu ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Ya kuma bar laka mai ƙarfi wadda gero da dawa da shinkafa suke so. A cikin rassan kogin biyu ga giwan ruwa, ga tarwaɗa, ga ƙarfasa, ga yauni. Wuri ɗaya ke nan da ya tara abin da makiyayi da manomi da masunci kowa yake nema.

Masuntan su ne suka fi kowa daɗewa, kuma su ne masu labarin kogin. Sarkawa, waɗanda Zabarmawa da Dandawa suke kira Sorko, sun bazu tun daga Yawuri da Kabi har Gawo da Tambutu, kuma duk suna komawa ga kaka ɗaya a almararsu, Faran Maka Bote. Ana cewa ubansa masunci ne, uwarsa kuwa aljana. Ya tashi ƙato wanda dorina guda ba ta isarsa kalaci. A zamaninsa, in ji masu ba da labarin, kogin yana hannun wani aljani mai suna Zinkibaru, wanda yake da kayan kiɗa, in ya kaɗa sai kifaye da iskokin ruwa su taru su bi shi, masunci ya wuni yana jefa zago bai samo ko ƙaya ba. Faran ya neme shi ya same shi, suka gwabza da ƙarfi da kuma baki, kowa yana jifan ɗan'uwansa da abin da ya sani, har Faran ya kayar da shi ya ƙwace kayan kiɗan. Tun daga ranar ruwa ya koma hannun zuriyarsa. Shi ya sa a al'adar da, ba a farautar dorina ko ayu sai da izinin Basarke, kuma in jirgi ya kife shi ake kira.

Labarin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na Harakoi Dikko, wadda masu bautar iskoki na ƙasar Sanwai suka ɗauka ita ce sarauniyar ruwan. Suna cewa gidanta yana ƙarƙashin kogi, can sama da Lete, wajen da Kwara take yin gwiwa-gwiwa kafin ta miƙe zuwa Gaya. Wai ta yi aure sau da yawa, kowane miji daga wata ƙabila, kowanne ta haifa masa ɗa ta rabu da shi. Akwai Cirai na Sanwai, akwai Mahama Surgu Buzu, akwai Musa na Gurma maharbi, akwai Hausakoi maƙeri Bahaushe, sannan ga Dongo mai tsawa, ɗan riƙo da aka ce daga Bargu ya zo. Ita kanta uwar ana siffanta ta da Bafillatana. Musulmi ba ya ɗaukar wannan a matsayin gaskiya, kuma mutanen Dandi na yau mafi yawansu masu salla ne da suka bar shi a bakin tsofaffi. Amma almara takan adana abin da masu ita suka gani da idonsu. Mutanen da suka tsara wannan labari sun dubi kogin suka ga kowace ƙabila tana sha daga gare shi, sai suka mai da su 'ya'yan ciki ɗaya masu uba daban-daban. Ba su ce ruwan na ɗa ɗaya ba ne.

Yawancin abin da duniya ta sani na waɗannan labarai ta hannun Jean Rouch ya fito, wani injiniyan Faransa da ya zo Nijar aikin hanya a 1941. A 1942 tsawa ta faɗa wa leburorinsa, sai wani matashin Basarke da ke aiki tare da shi, Damure Zika, ya ce a kira kakarsa, ita ta san abin da ake yi in Dongo ya sauka. Abin da Rouch ya gani a ranar ya sauya masa sana'a. A 1946 zuwa 1947 shi da abokansa biyu suka bi Kwara a jirgi daga mafarinta har teku, ya ƙare rayuwarsa yana rubuta maganar Sarkawa yana ɗaukarsu a fim.

Manoman kuwa tarihinsu na sarauta ne. Da sojan Maroko ƙarƙashin Judar Basha suka karya rundunar Sanwai a Tondibi a 1591, ba duk gidan Askiya ne ya miƙa wuya ba. Askiya Nuhu ya gangaro kudu zuwa Dandi, ya shiga dazuzzuka da fadamun bakin kogi, inda bindigar Maroko ba ta da amfani sosai, sauro da zazzaɓi kuma suka taya shi yaƙi. Ya yi shekaru yana hana su sakat. Daular ba ta sake tashi ba, ta farfashe ta zama ƙananan sarautu a gaɓa biyu, kuma gidajen sarautar Gaya da Karimama da Madekali har yau suna danganta kansu da wannan zuriya. Abin lura shi ne Gaya tana hagu, Karimama tana dama, amma harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, ana auratayya. Kogin a wurinsu titi ne da ya ratsa tsakiyar gari.

Sai Fulani, waɗanda suka zo da shanu suka ga burgu suka kafa ruga, rugar ta zama gari. Su ne suka zauna a kan gungun rani da damina. Mutanen gaɓar dama, musamman na Karimama da Goruberi, suna cewa ƙasar ta kakanninsu ce, aron makiyaya kawai aka ba baƙi. Fulanin Lete suna cewa su suka share wurin, a nan aka binne iyayensu. Duk wanda ya girma a ƙauye irin Ƙofa ko wani ƙauyen Kusada da Kankiya ya san irin wannan zama: gona ta mai ita ce daga shuka zuwa girbi, in an kwashe dawa aka ɗaure dammuna sai Bafillace ya shigo da garkensa su ci kara da harawar da ta zube, su kwana su bar taki, wani lokaci ma mai gonar ne yake roƙo a zo a sauka masa. Ana faɗa, ana kai ƙara gaban mai gari, ana biyan ɓarna, amma babu wanda yake tambayar wane ne mai wurin shi kaɗai, don amsar tana bin wata ne. Haka Lete ta zauna zamani mai tsawo. Ruwa na Basarke, ciyawa ta Bafillace, kunya ta Badande.

Turawa ne suka zo da tambayar da ba ta karɓar amsa uku. A ƙarshen ƙarni na 19 Faransa da Ingila suka yi ta tsere a kan Bargu da Dandi, kowa yana aika hafsoshinsa da tuta da takardar yarjejeniya. A 1896 wani hafsan Faransa, Hourst, ya bi kogin da jiragensa daga Tambutu zuwa teku yana auna zurfi. Ranar 14 ga Yuni 1898 ƙasashen biyu suka sasanta a Faris: Illo ta faɗa hannun Ingila, Gaya da abin da ke sama da ita suka faɗa hannun Faransa. Don haka gaɓa biyun da ke kewaye da Lete duk na Faransa ne, sai dai an raba su tsakanin ofis biyu. Dama tana ƙarƙashin Dahome, wato Benin ta yau. Hagu kuma, bisa dokar 23 ga Yuli 1900, ta shiga yankin mulkin soja na uku mai hedkwata a Damagaram, wanda ya zama ƙasar Nijar a 1922. A idon Faris wannan ba iyaka ba ce, rabon aiki ne tsakanin ma'aikatan gida ɗaya, shi ya sa ba wanda ya damu ya faɗi a ina cikin kogin layin ya bi.

Wanda abin ya dama shi ne ƙaramin ma'aikacin da ke karɓar lanho. Makiyayi yana iya ce wa kumandan Gaya shi na Kandi ne a ɓangaren Dahome, ya ce wa na Kandi shi na Gaya ne, a ƙarshe ba wanda ya ga ko dala. Saboda haka ranar 3 ga Yuli 1914 kumandan Gaya, wani mai suna Sadoux, ya rubuta wa takwaransa na gaɓar Dahome wasiƙa. Ya ce a ɗauki babbar hanyar da jirgi yake bi, wato inda ruwa ya fi zurfi, ta zama ita ce rabo. Gungun da ke hagu da ita na Gaya, wanda ke dama na Dahome. Ya haɗa da jerin gungunan ɗaya bayan ɗaya. A wajen Lete, reshen da ya fi zurfi shi ne na dama, wanda ya bi ta gaban Karimama, don haka gungun ya faɗo ɓangaren Gaya. Ba doka ba ce, ba gwamna ne ya sa hannu ba, shawara ce tsakanin maƙwabta biyu don aiki ya tafi. Amma aka bi ta shekara 40. Kumandan Gaya shi ke zuwa rangadi, shi ke ƙidayar kai da ta shanu, a kotunsa ake yanke shari'ar mutanen Lete.

A 1954 aka tafka abin da ya rikita komai. Ma'aikacin Gaya na lokacin ya aika Yamai yana tambayar matsayin gungunan. Ranar 27 ga Agusta, Raynier, sakataren mulki da ke riƙon kujerar gwamnan Nijar, ya amsa masa cewa iyakar tana bin inda ruwa yake kaiwa in ya cika a gaɓar hagu, tun daga ƙauyen Bandofai har iyakar Nijeriya, don haka duk gungunan da ke wannan tsakani na Dahome ne. Da alƙalami ɗaya mutumin da ke riƙe da Nijar ya kyautar da kogin gaba ɗaya. Ko a Dahome abin ya zo da mamaki, har gwamnansu ya rubuto a watan Disamba yana tambayar wace doka aka dogara da ita. Ba a kai maganar gaban gwamna-janar a Dakar ya tabbatar ba, kuma Gaya ta ci gaba da karɓar lanhonta a Lete kamar ba a yi ba. Amma labarin wasiƙar ya riga ya ƙetare ruwa. Manoman gaɓar dama yanzu suna da abin nunawa.

Daga nan rigimar gona da kiwo ta sake kama. A 1959 aka fara taƙaddama mai zafi, sannan a daren 29 ga Yuni 1960 aka auka wa gungun daga gaɓar dama, aka kashe mutum huɗu daga cikin mazaunansa. A dubi kwanan watan. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki Dahome ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Agusta, Nijar ta bi ta ranar 3. Gawar da a bara kumanda biyu za su zauna su kashe maganarta, bana ta zama gawar 'yan wata ƙasa da 'yan wata ƙasa suka kashe.

Shekara uku abin ya lafa, saboda Diori Hamani na Nijar da Hubert Maga na Dahome aminai ne, Maga kuma ɗan arewacin ƙasarsa ne, ya san mutanen kogi. A ƙarshen Oktoba 1963 Kanar Christophe Soglo ya kifar da Maga, amincin ya tafi da mai shi. Yamai ta zargi sababbin masu mulkin Kwatano da cin zarafin 'yan Nijar mazauna can, Kwatano ta tayar da maganar Lete. A watan Disamba gwamnatin Diori ta ce 'yan Dahome da ke aiki a ƙasarta su tattara su tafi. Ba ƙaramin abu ba ne. Dahome ta riga maƙwabtanta samun makarantun mishan, don haka Faransa ta cika ofisoshin Afirka ta Yamma da 'ya'yanta: akawu, malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, mai buga waya a gidan waya. Dubbai suka hau manyan motoci da katifu da tukwane suka nufi gadar Gaya, wasunsu a Nijar aka haife su, ba su taɓa ganin teku ba.

Dahome ta rama da abin da ya fi ciwo, ta rufe hanya. Nijar ba ta da teku. Tun shekarun 1950 Faransa ta shirya yadda gyaɗar Maraɗi da Damagaram za ta bar bin jirgin ƙasan Kano, a ɗauke ta a mota zuwa Paraku, inda dogon Dahome ya tsaya tun 1936, daga can a sauke ta Kwatano. Ta wannan hanya mai da siminti da gishiri suke hawowa. Da aka toshe ta, manomin gyaɗa a Tasawa wanda bai taɓa jin sunan Lete ba shi ma ya ji a jikinsa. Soja suka ja daga a gaɓa biyu, kowace gwamnati ta buga littafin hujjojinta, gidajen rediyo suka yi ta zage-zage. A 1964 kuma, da mayaƙan Sawaba na Djibo Bakary suka kutsa Nijar, wasunsu ta ƙasar Dahome suka bi, abin da ya ƙara wa Diori zargi.

Houphouët-Boigny na Kodebuwa ne ya shiga tsakani. A Janairu 1965 aka taru a Yamusukuro aka amince cewa, kafin a warware maganar gaba ɗaya, mutanen ƙasashen biyu su zauna a gungun lafiya kowa ya yi sana'arsa. A takarda wannan gazawa ce, don ba a ce na wane ne ba. A ganina kuwa ita ce matsayar da ta fi kusa da yadda wurin yake tun asali, kuma ta riƙe kusan shekara 30. Sojoji suka yi ta karɓar mulki a Yamai da Kwatano, Dahome ta sauya suna ta koma Benin a 1975, farin 1973 da na 1984 suka koro shanun arewa zuwa bakin kogi, ciyawa ta yi tsada, gona ta yi tsada. A 1993 da 1998 aka sake samun tashin hankali. An kafa hukumar haɗin gwiwa ta shata iyaka a 1994, ta zauna sau shida ba ta cim ma komai ba. Ranar 15 ga Yuni 2001, zamanin Tanja Mamadu da Mathieu Kérékou, ƙasashen biyu suka sa hannu a Kwatano cewa za su kai maganar Kotun Duniya, kuma duk abin da ta yanke sun karɓa.

Alƙalai biyar aka ware. Raymond Ranjeva na Madagaska shi ya shugabanci zaman, tare da Kooijmans na Holan da Abraham na Faransa. Nijar ta zaɓi Mohammed Bedjaoui na Aljeriya, Benin ta zaɓi Mohamed Bennouna na Maroko. Tun farko aka rufe ƙofar tarihin kakanni. Ƙa'idar da ɓangarorin biyu suka yarda da ita, wadda shugabannin Afirka suka ɗauka a Alƙahira a 1964, ita ce kowace ƙasa ta gaji iyakar da ta tarar ranar da ta sami 'yanci. Saboda haka ba a tambayi wanda ya fara kafa bukka ba, balle Faran Maka ko Askiya Nuhu. Tambaya ɗaya ce: a farkon Agusta 1960, a ina layin Faransa yake?

Benin ta kawo dokar 1900 da wasiƙar Raynier. Kotu ta ce dokar 1900 ta ƙirƙiri yanki ne, ba ta shata iyaka ba. Wasiƙar kuma saƙo ne daga shugaba zuwa na ƙasa da shi a cikin gida ɗaya, kuma gwamnan ƙasa guda ba shi da ikon sauya iyaka shi kaɗai ba tare da Dakar ba. Nijar ta kawo dokokin 1934 da 1938 da suka ce iyakar ita ce kogin. Kotu ta ce gaskiya ne, amma ba su faɗi ko gaɓa ba ce, ko tsakiya, ko zurfi. Tunda babu takardar da ta yanke magana, sai a duba wanda yake gudanar da mulki a zahiri. A nan ne wasiƙar Sadoux ta fito daga cikin ƙura, da rajistar lanho mai ɗauke da sunan Lete shekara bayan shekara, da rahotannin rangadi, da shari'o'in kotun Gaya, da takardun zaɓe. Harajin da makiyayi ya biya yana tsaki, wataƙila bayan ya ɓoye rabin garkensa a cikin burgu, shi ne ya zama hujjar ƙasa.

Mai karatu ɗan Nijeriya zai tuna Bakasi da Darak ya ce ai mu ma mun kawo irin wannan hujja a 2002, mun nuna mutanenmu ne a wurin, mu ke karɓar haraji, mu muka gina makaranta da asibiti, amma aka ba Kamaru. Bambancin yana nan: a can akwai takardun da suka shata layi, yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 a kan Bakasi, da takardun Ingila da Faransa na 1919 da 1931 a kan tafkin Chadi. In akwai irin wannan takarda, zama da haraji ba sa kayar da ita. Sai inda ta ɓace ko ta yi shiru ake waiwayar mai zama. Kotu ɗaya ce, ma'auni ɗaya, sakamako biyu.

Ranar 12 ga Yuli 2005 aka karanta hukunci. Da ƙuri'a huɗu a kan ɗaya, Bennouna ne ya ƙi, aka ce iyakar tana bin layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jirgi kamar yadda take lokacin samun 'yanci. Don gano wannan layi aka dogara da awon da wani kamfanin Holan mai suna NEDECO ya yi, wanda ya fitar da rahotonsa a 1970, aka jera maki 154 daga bakin kogin Mekuru zuwa iyakar Nijeriya, tafiyar kamar kilomita 150. Gungu 25 aka ƙirga. Nijar ta sami 16, har da Lete, Benin ta sami 9. Wanda ya karanta jerin sunayen zai ga sawun Bahaushe a ciki: akwai Ɗan Kore Girawa, akwai gungun Alhaji Ɗan Joda, akwai gungu biyu masu sunan Alhaji Shu'aibu, babba da ƙarami. Layin ya ratsa tsakaninsu, babban ya tafi Nijar, ƙaramin ya tafi Benin.

Benin ba ta tashi hannu rabbana ba. A ɓangaren yamma, inda Nijar take neman a bi wani miƙaƙƙen layi na dokar 1907, alƙalan duka biyar suka ce tsakiyar kogin Mekuru ce iyaka, wanda shi ne abin da Benin ta nema. Da wannan kowace gwamnati ta sami abin gaya wa mutanenta, kuma ina jin shi ya sa hukuncin ya zauna ba gardama. Har gadojin Gaya da Malanbil guda biyu, ta 1958 da ta ƙarshen shekarun 1980, an yanke musu: iyaka a kan gada tana daidai saman iyakar da ke cikin ruwa. Wannan mashigar ce aka tare da kwantena bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023, manyan motoci suka yi layin kilomitoci, karo na biyu ke nan da rigimar manya ta toshe wa Nijar hanyar Kwatano, sai dai wannan karon ba wanda ya ambaci Lete.

Akwai jimla ɗaya a hukuncin da ba a cika kula da ita ba. Alƙalan sun ce rabon gungunan da suka yi bai taɓa haƙƙin da wani mutum yake da shi a kansu ba. Ma'ana, sun faɗi tutar da za ta tashi, amma ba su ce gonar da manomin Goruberi yake ƙetarowa ya noma ta daina zama tasa ba, ba su kuma ce ta zama tasa ba. Maganar da aka zubar da jini a kanta a 1960, wato wa zai shuka, wa zai kora shanu, a wane wata, an mayar wa masu gari da hakimai da hukumomin Gaya da Karimama su ji da ita. A farkon 2007 jami'an ƙasashen biyu suka haɗu aka yi bikin miƙa gungunan, aka ɗaga tutar Nijar a Lete, aka ɗaga ta Benin a nata tara.